Hannun Gwani da Baƙin Inji

Hausawa sun ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. To, haka rubutu ya ke. Kafin mutum ya karanta kalma guda a takarda, idonsa ya riga ya ga ƙirar baƙaƙenta, zuciyarsa kuwa ta riga ta yanke hukunci, ko takardar nan ta manya ce, ko kuwa ta ƙunshe ƙosai ce. Sabo da haka tun zamanin da mutane ba su yarda a yi rubutu kara zube ba. Kowace al'umma da ta san alƙalami sai da ta ƙago wa baƙaƙenta ado, ta ware na sarauta dabam, na kasuwa dabam. Nufina a nan in ba da labarin yadda wannan al'amari ya gudana a ƙasar Kano, da yadda hannun gwanayenmu ya gamu da baƙin injin Turawa, da abin da ya biyo bayan gamon.

Zuwan rubutu ƙasar Kano

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali da addinin Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Zamanin Sarki Yakubu kuma Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na lugga. Sa'an nan Shaihu Maghili ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Duk inda littafi ya tafi kuwa, da hannun wanda ya rubuta shi ya ke tafiya. Don haka rubutun da ya zauna a ƙasarmu dangin na Magariba ne, watau na ƙasashen Larabawan yamma, ba na Masar ko na Sham ba.

In kana so ka gane rubutun nan, dubi baƙi biyu. A wurinmu fa ɗigonta guda ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigonta guda ne a bisa. A rubutun gabas fa ce ke da ɗigo guda a bisa, ƙaf ɗigo biyu. Karatunmu na asali kuma ruwayar Warshu ce, shi ya sa mu ke da ɗigon nan mai kauri na imala a ƙarƙashin baƙi, wanda daga baya masu ajami suka ara don rubuta wasalin da ke cikin kalma kamar gero ko rake.

Amma in a na maganar rubutun Alƙur'ani, Barno ita ce uwa. Har gobe in an ce almajiri ya tafi gabas, an san abin da ya tafi nema. An sami wani Alƙur'ani a Barno mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Turawan da suka ratsa Barno a shekarun 1820, su Denham da Clapperton, sun ba da labari a kan kai Alƙur'anan da aka rubuta can har Arewacin Afirka da Masar a sayar da tsada. Ka ga ashe akwai lokacin da rubutun ƙasashen nan hajja ce ta ƙetare hamada, kamar ƙirgi da baƙin yadi.

Gwani da kayan aikinsa

Mu da muka yi karatun allo a ƙasar Madobi mun san farkon abin. Yaro ya kan fara da babbaƙu, sa'an nan farfaru. Kowane baƙi kuwa da sunan da kakanninmu suka laƙaba masa bisa ga siffarsa, don ya zauna a kan yaro: ba guje, jim ƙarami koma baya, kaulasan, lam jaye, mim jaye, ha kuri, am baki wofi. Duba dai sunayen nan da kyau. Wanda ya ce da baƙi ya guje, ko ya jaye, ko ya koma baya, lalle ya daɗe yana kallon tafiyar alƙalami a kan allo. Sanin ƙirar baƙi ke nan, tun ba mu ji labarin maɗaba'a ba.

Alƙalami na gamba ne ko na sillen kara, a fiƙe shi da wuƙa, a tsaga bakinsa. Faɗin bakin nan shi ne asirin rubutu duka, don shi ke sa wani gefen baƙi ya yi kauri, wani ya yi siriri. Tawadar allo ta gawayi ce da ƙaro, don a ji daɗin wankewa. Ta takarda kuwa, wadda a ke kira yambari, da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera a ke dafa ta, in ta kama ba ta saki. Mai rubuta Alƙur'ani ya kan yi baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya, alamar wasali na sadarwa da kore. A bakin shafi ya zana alamar sumuni da rubu'i da nusufi da hizbi, kowace da irin zayyanarta, har izu sittin su cika. Ba a ɗinke takardun, sai a jera su falle falle a tsakanin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka ta jar fata.

Aikin nan na watanni ne, ba na kwanaki ba, da ka kuma a ke yinsa. Mahaddaci ba ya cika mutum a idon 'yan'uwansa sai ya zauna ya rubuta Alƙur'ani ba tare da ya duba wani ba, sauran alarammomi su bi shi baƙi baƙi, su rasa abin gyara. Irin wannan littafi shi ne kayan alfarma na ƙasarmu. Attajiri ya kan sa a rubuta masa, sarki ya kan yi kyauta da shi, a kan gāje shi kamar gona. Kamar yadda mai sarauta ba ya naɗa kowane rawani ran salla sai ɗan Kura mai walƙiya, haka maganar Ubangiji ba a yi mata kowane irin hannu. Malaman ilmi kuwa, masu kwafar littattafan fiƙihu da nahawu da waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wani hannu su ke yi siriri mai sauri, don takarda tsada gare ta. Ke nan tun can muna da rubutun ado da na aikin yau da kullum.

Takarda mai wata uku

Ina takardar ta ke fitowa? In ka ɗaga fallen tsohon littafi ka kara shi da hasken rana, sau da yawa za ka ga hoton jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Alamar masu yin takarda ce na ƙasar Italiya, a lardin birnin Benis. Gidan Galvani na garin Pordenone ya yi suna wajen yin irinta. Daga can a kawo ta Tarabulus ko Masar, raƙuma su ratso hamada da ita. Dakta Barth, Bajamushen nan da ya sauka Kano a cikin 1851, ya lissafa ta cikin kayan da ya ga a na sayarwa a kasuwar birni.

To, wani abin mamaki, birnin nan na Benis da ƙasarsa ke aiko wa gwanayenmu takarda, a nan ne aka haifi baƙaƙen nan na boko masu karkata dama, waɗanda mu ke kira rubutun tsutsa. Ga yadda aka yi. Wajen 1455 wani Bajamushe, Gutenberg, ya buga littafi da baƙaƙen dalma a birnin Mainz. Kowane baƙi da ɗan sandansa, a jera su ɗaya bayan ɗaya, a shafa tawada, a danna takarda. Baƙaƙensa masu kauri ne, cunkushe, irin hannun marubutan Jamus. Mutanen Italiya ba su so su ba. Suka koma ga rubutun da Rumawan da suka sassaƙa a jikin duwatsu, mai 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane zane, suka haɗa da hannun malamansu, suka fid da baƙaƙen tsaye irin waɗanda ka ke karantawa yanzu.

A cikin 1501 wani mai maɗaba'a a Benis, Aldus Manutius, ya fitar da littafin waƙoƙin Virgil ɗan ƙarami wanda mutum zai iya riƙewa a hannu ɗaya. Maƙerin baƙaƙensa, Francesco Griffo, ya sassaƙa masa wasu sababbi masu karkata, yana kwaikwayon hannun sauri na malamai da magatakardan fadodin Italiya. Ashe kuwa rubutun tsutsa asalinsa hannun akawu ne. Mutane suka yi sha'awarsa ƙwarai. Hukumar Benis ta ba Aldus takardar izini cewa kada kowa ya kwaikwaye shi, amma ina! Masu maɗaba'a na birnin Lyon a Faransa suka sace ƙirar suka yi ta bugu. Da farko ƙananan baƙaƙe kaɗai ke karkace, manyan suna tsaye, sai daga baya aka karkata su su ma. Kafin ƙarnin nan ya ƙare, an rage buga littafi sukutum da rubutun tsutsa, ya zama abokin tafiyar na tsaye, a na jawo shi in a na son a ƙarfafa magana, ko a nuna sunan littafi, ko kalmar baƙon harshe.

Bayan kamar shekara 300 sai Bodoni a birnin Parma, da gidan Didot a Faris, suka ƙera baƙaƙe waɗanda kaurinsu ya yi kauri ƙwarai, siririnsu kuwa kamar silin gashi. Irinsu ne manyan mujallun ado na Faransa da Amurka suka riƙa sa wa sunayensu, da masu turare da agogo na tsada. Dalili kuwa a fili ya ke. Siririn zane ba ya fita sai a takarda mai kyau da inji mai kyau, don haka duk wanda ya gan shi ya san an kashe kuɗi. Kauri da sirantar nan kuwa daga bakin alƙalami suka samo asali, kamar dai na gwaninmu.

A Benis ɗin nan har wa yau aka fara gwada buga Alƙur'ani da baƙaƙen dalma, wajen 1538. Aikin bai yi albarka ba, kurakurai suka yi masa yawa, ya ɓace har aka ɗauka babu shi, sai a cikin 1987 aka tsinci guda ɗaya. Baƙin Larabci yana sarƙe da ɗan'uwansa, yana sake kama a farko da tsakiya da ƙarshe, ga wasulla bisa da ƙasa. Dalma kuwa ba ta san sarƙiya ba. Wannan na cikin abin da ya sa Musulmi suka daɗe ba su saki alƙalami ba.

Boko da ƙugiyoyinsa

Hausa ta fara shiga baƙaƙen Turawa ta hannun masu mishan, irin su Schön, wanda ya buga ƙamus ɗinsa a cikin 1876. Bayan Turawa sun ci Kano a cikin 1903, Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nasarawa a cikin 1909, ya kuma fitar da ƙa'idodin rubutun boko a cikin 1912. Nan fa aka gamu da wuya. Bahaushe yana da sauti a bakinsa waɗanda babu su a akwatin dalmar Bature. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wasu suka rataya masa ɗan waƙafi a gefe, wasu suka bar shi haka nan, mai karatu ya yi ta kansa.

A cikin 1929 aka kafa Ofishin Juye-juye, ba a jima ba aka mai da shi Zariya, a cikin 1933 ya zama Ofishin Talifi a hannun Dakta R. M. East. Gasar da aka yi a shekarar nan ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littattafai suka fara yawa, tilas a tsai da magana guda. East ya yi shawara da Farfesa Westermann na Jamus, masanin harsunan Afirka, aka daidaita a kan baƙaƙen nan uku masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ba ƙaramin aiki ba ne, don kowane ɗaya sai an sassaƙa masa uwa ta ƙarfe, babba da ƙarami, na tsaye da na tsutsa, a kowane girma. A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam ne editanta. A cikin 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya. A shekarun 1950 kuma hukumar NORLA ta yi ta buga littattafan Yaƙi da Jahilci da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina, har aka rufe ta a cikin 1959. Ta haka idon mutanen Arewa ya saba da ƙugiya.

Maɗaba'a ta sami ƙugiya, amma keken rubutu na ofis sau da yawa bai samu ba, don an ƙera shi ne domin Ingilishi. Duk wanda ya buɗe tsofaffin fayil na zamanin En'e zai ga yadda akawu mai hankali ke yi. In ya gama buga wasiƙa sai ya ɗauki alƙalami ya bi ta layi layi yana rataya ƙugiyoyi da hannu. Malalaci kuwa ya bar su. Kada ka ce abin wasa ne. In an rubuta dagaci ya tafi fada, alhali kuwa faɗa ya tafi, ka ga an wanke mai laifi. In an rubuta an kawo kara gaban alƙali, sai a tambaya, na dawa ko na gero? Baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, duk ɗan lanƙwasan nan ne ya raba su.

Hannun Kano ya shiga inji

Da maɗaba'a ta kafu, mutane da yawa sun zaci kwanan gwani ya ƙare. Ga littattafan Masar suna shigowa, ga Alƙur'anin da aka buga a Alƙahira a cikin 1924 da ruwayar Hafsu ya bazu duniya. Amma almajirin tsangaya da ya tashi da Warshu da hannun ƙasarsa, in ka ba shi bugun Masar sai ya yi ta tuntuɓe. Sai aka sami dabara. Tun a cikin 1796 wani Bajamushe, Senefelder, ya gano yadda za a buga abin da aka zana da hannu ba tare da an jera dalma ba. Daga dabararsa aka kai ga ɗaukar hoton shafi a zuba shi a faranti, inji ya buga dubbai. Tun daga shekarun 1950 masu maɗaba'a da 'yan kasuwar littattafai na Kano da Zariya suka kama wannan hanya. A ba gwani aiki ya rubuta da hannunsa, a ɗauki hoto, a buga, a kai kasuwar Kurmi.

Abin da aka ji tsoro zai kashe sana'a sai ya zama shi ya yaɗa ta. Hannun Kano mai kauri, mai daidaito, wanda ke fita sarai ko a takarda mai araha, ya kai har Nijar da Gana da Kamaru. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki akwai Sharif Bala Gabari na birnin Kano, wanda Alƙur'anin da ya rubuta ya shiga tsangayu ba iyaka, har yara suka riƙa gyara hannunsu da nasa. A cikin 2017 kuma wata ƙungiyar nazarin harsuna, SIL, ta fitar da baƙaƙen kwamfuta da aka zana bisa ga hannun Kano, ta sa musu suna Alkalami. Boko ma bai rasa masu kula da shi ba. A shekarun 1980 Hermann Zapf na Jamus, wanda duniya ta san shi da ƙera baƙaƙe masu kama da rubutun hannu, ya sa hannu wajen zana baƙaƙen da za su ishi harsunan Nijeriya, da ƙugiyoyinmu a ciki.

Abin da ya rage gare mu

Duk da haka kada mu ce an gama. A cikin 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, a cikin 2014 aka cire shi daga ta naira 100, ya saura a ta 200 da 500 da 1000. Tsoho a ƙauye wanda bai yi boko ba, da ajamin nan ya ke gane abin da aka ba shi. Ta wajen boko kuwa, galibin baƙaƙen ado da a ke yayi an zana su ne a ƙasashen da ba su san ƙugiya ba. Sai ka ga katin biki an ƙawata shi da rubutun tsutsa, amma ƙ da ɗ sun tsaya a tsakiyar kalma ƙiƙam kamar baƙon da ba a gayyata ba, ko kuwa an yar da ƙugiyar ɗungum don kada ta ɓata ado.

Tun da aka gama dam na Tiga a cikin 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasarmu ta zama ta shinkafa da tumatir da alkama. Yanzu masu casar shinkafa suna buga sunayensu a jikin buhu, kowa yana neman rubutun da zai sa hajjarsa ta yi kwarjini a Dawanau. Ba laifi. Amma na kan ce a raina, jikokin mutanen da suka aika da rubutunsu har Masar, bai kamata a ce ba su da abin yi wa harshensu ado sai aro ba. A tsangayun Madobi da kewaye akwai samari masu hannu kamar zinariya, a birni kuma akwai 'yan'uwansu da suka iya kwamfuta. Da za a haɗa su a ɗaki guda, wannan ya kawo sanin bakin alƙalami, wancan ya kawo sanin inji, da mun sami baƙaƙe namu na kanmu, na boko da na ajami, na tsaye da na tsutsa, kowace ƙugiya a mazauninta.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowa zai iya. Wanda ya gāji tsohon littafi a gafaka ya tsare shi daga gara da ɗigon ɗaki, kada ya sayar wa dillali don kuɗin cefane. Mai buga wasiƙa ya sa ƙugiya inda ta ke. Malamin makaranta kuma, na allo da na boko, kada ya karɓi rubutun kaza daga hannun yaro ya ce ai a na ganewa. Griffo bai ƙago kome daga iska ba, hannun akawun ƙasarsu ya duba ya mai da shi ƙarfe, ga shi shekara 500 da 'yan kai a na cin moriyarsa. Allah ya ji ƙan gwanayenmu da suka riga mu, ya ba na baya ikon riƙe abin da suka bari.